Yadda ake ziyartar cibiyar ilimin kogi mai maƙyanƙyasar kifi a cikin birni

A wasu biranen da kogi ya ratsa akan samu cibiya a bakin ruwa wadda take haɗa aiki biyu: tana ƙyanƙyashe kifi domin a sake shi cikin kogin, tana kuma koya wa jama'a halin da kogin yake ciki. Mafi yawan masu zuwa irin wannan wuri sukan tsaya a gaban tankin da ya fi manyan kifaye, su ɗauki hoto, su kama hanyar gida ba su fahimci dalilin gina wurin ba. Alhali kuwa ba a cika gina maƙyanƙyasa a kan kogi ba sai kogin ya gaza yin wani aiki da a da yake yi da kansa, ko don an tare shi da madatsa, ko don an gurɓata ruwansa, ko don an kama kifinsa fiye da kima. Saboda haka ziyara mai amfani ita ce wadda mutum zai fito daga cikinta ya san wane aiki ne kogin ya gaza, da abin da cibiyar take yi a madadinsa, da kuma ko ana ƙoƙarin mayar wa kogin aikinsa. Matakan da ke biye an jera su ne a kan wannan manufa.

Mataki na farko: a san irin kifin, sannan a zaɓi rana

Kafin a tsayar da ranar tafiya, a bincika wane irin kifi cibiyar take ƙyanƙyashewa, domin kifin ne yake yanke lokacin da ya dace a je, ba ranar hutun mai ziyara ba. Wanda ya je a lokacin da bai dace ba zai iya tarar da matakalar kifi, wato hanyar ruwa mai hawa-hawa da kifi yake bi ya haura, a bushe, ɗakin ƙwai babu kowa, tankuna kuma an kwashe ruwansu ana wankewa.

Da yawa daga cikin fitattun cibiyoyin irin wannan suna aiki ne da kifin salmon, wanda ake ƙyanƙyashewa a ruwan daɗi, ya gangara teku ya girma, sannan ya dawo kogin da ya fito domin ya yi ƙwai. Maƙyanƙyasar Issaquah da ke jihar Washinton ta Amurka, wadda aka gina a 1936 a tsakiyar gari, tana cika da manyan kifaye masu dawowa ne daga Satumba zuwa Nuwamba. A matakalar kifi ta Ballard da ke birnin Siyatil, kowane nau'i da lokacinsa: mai suna sokayi yakan wuce a Yuni da Yuli, cinuk a Agusta, koho kuma a Satumba. A maƙyanƙyasar Nimbus da ke kusa da Sakramanto a Kalifoniya, sai wajen Nuwamba ake buɗe matakala. Wanda yake son ganin ƙwai da jarirai a irin waɗannan wurare sai ya jira lokacin hunturu, wanda yake son ganin sakin ƙananan kifaye kuma sai bayan sanyi ya wuce, galibi tsakanin Maris da Yuni.

Inda ake aiki da kifin ƙasashe masu zafi, kamar tarwaɗa da karfasa, lissafin ya sha bamban, domin ana iya ƙyanƙyasa sau da yawa a shekara, amma komai yana wucewa da sauri. Ƙwan tarwaɗa yakan fashe cikin kwana ɗaya ko ɗaya da rabi idan ruwa yana da ɗumi, don haka a nan abin tambaya shi ne ranar da za a yi aikin, ba watan ba.

Mataki na biyu: a tuntuɓi cibiyar, a yi shiri

A kira cibiyar ko a duba shafinta na intanet domin a san ranakun buɗewa, da ko ana biyan kuɗin shiga, da ko akwai sa'ar da ma'aikaci yake zagayawa da baƙi. Wannan na ƙarshe ya fi sauran muhimmanci, domin a wurare da yawa ba a shiga ɗakin ƙwai sai da ɗan rakiya. Ayarin makaranta ko na ƙungiya yana bukatar sanarwa tun da wuri, tare da faɗin yawan mutane da shekarun yara. Idan akwai mai keken guragu ko dattijon da tafiya take yi wa wuya, a tambaya tun kafin a taso, domin ginin yana iya zama shimfiɗaɗɗe amma hanyar bakin kogi ta kasance mai gangara da santsi.

A sa takalmi rufaffe mai riƙe ƙasa, a tafi da rigar ruwa idan lokacin damina ne, da ƙaramin littafi da fensir, domin biro ba ya rubutu a jiƙaƙƙiyar takarda. Tabarau mai kashe ƙyallin ruwa, irin wanda masunta suke sawa, yana taimakawa ƙwarai wajen hango kifi a ƙarƙashin ruwa. Kada a tafi da abincin da za a jefa wa kifi. Kada kuma a je da takalmin da aka shiga wani kogi ko tafki da shi kwanan nan ba tare da an wanke shi ya bushe sarai ba, domin ƙwayoyin cutar kifi da ƙananan dodon koɗi masu mamaye ruwa suna tafiya ne a cikin laka ta tafin takalmi.

Safiya ta fi dacewa, domin a lokacin ma'aikata suke ciyarwa, suna share tankuna, suna auna ruwa. A ware sa'a biyu zuwa uku.

Mataki na uku: a fara da kogin kafin a shiga gini

Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma a ganina shi ne yake ba sauran ma'ana. Da isowa, a nufi bakin ruwa a tsaya na ɗan lokaci. A lura da inda ruwan yake fitowa da inda ya nufa, da launinsa, da saurinsa, da ko gaɓarsa ƙasa ce mai itatuwa ko kuwa an ɗaure ta da kankare. A dubi ƙasan ruwan idan ana iya gani: tsakuwa ce tsaftatacciya ko laka ce ta lulluɓe komai? Salmon yana haƙa gurbin ƙwansa ne a cikin tsakuwa, ruwa yana ratsawa yana kai wa ƙwan iska, don haka idan laka ta toshe tsakanin tsakuwar, ƙwan yakan shaƙe ya mutu ko da ruwan saman yana da kyaun gani.

Daga nan a nemi abin da ya tare kogin. A arewacin birnin Bankuba na Kanada, madatsar Cleveland da aka kammala a 1954 ta raba kifin kogin Capilano da mafi yawan wuraren da yake yin ƙwai, shi ya sa aka buɗe maƙyanƙyasa a ƙasanta a 1971. Labarin Nimbus ma haka yake. A birnin Sapporo na Japan kuwa ƙazantar birni ce ta kori salmon daga kogin Toyohira, sai mazauna suka tashi da yunƙurin dawo da shi a 1978, aka buɗe gidan nazarin salmon kusa da kogin a 1984. Kowace cibiya tana da irin wannan labari, kuma galibi yana rubuce a allon farko da aka kafa kusa da ƙofa, wanda mutane suke wucewa ba su karanta ba.

Idan akwai matakalar kifi, a bi ta daga ƙasa zuwa sama. Matakalar jerin ƙananan kududdufai ce, kowane ya ɗan ɗara na bayansa tsawo, ruwa yana zubowa daga wannan zuwa wancan, kifi yana tsallakawa ko yana bi ta ramin da aka bari a jikin katanga, yana hutawa a tsakani. Ta Ballard tana da hawa 21. Abin lura a nan shi ne bakin matakalar na ƙasa, inda ake sakin ruwa da ƙarfi da gangan, domin kifi mai hawa yana neman inda igiyar ruwa ta fi ƙarfi ne, kuma idan bai ji ta a bakin matakalar ba zai ɓata ƙarfinsa yana dukan gindin madatsa. Inda aka yi tagar gilashi a ƙarƙashin ruwa, a tsaya shiru, kada a ƙwanƙwasa gilashin, kada a haska fitilar kyamara. Za a ga wasu kifaye da tabo, wasu da farin gansakuka a jiki, wasu fatarsu ta saɓule. Ga salmon na tekun Fasifik wannan ba alamar sakaci ba ce: yana daina cin abinci idan ya shigo ruwan daɗi, yana rayuwa da kitsen jikinsa, kuma yana mutuwa bayan ya yi ƙwai. Yana da kyau a shaida wa yara wannan tun kafin su gani, domin a ƙarshen kaka gawawwakin kifi da warinsu suna cikin abin da za a tarar a bakin kogi.

Mataki na huɗu: ɗakin ƙwai

A ƙofar wannan ɗaki akan ajiye tire ko tabarma mai jiƙe da maganin kashe ƙwayoyin cuta. A taka da ƙafa biyu, a bar tafin takalmin ya jiƙe, kada a tsallake. A wanke hannu idan an umarta, kuma kada a tsoma yatsa a cikin kowane ruwa, domin man shafawa da sabulu da maganin sauro da ke jikin fata suna iya cutar da jarirai, hannu ɗaya kuma yana iya ɗaukar cuta daga wannan tire zuwa wancan.

Idan aka yi sa'ar zuwa ranar haɗa ƙwai, za a ga aikin daga tushe. Ma'aikata suna taɓa cikin kowace mace su ji ko ƙwan ya nuna, su fitar da shi cikin roba, su zuba maniyyin namiji a kai, su gauraya, sannan su zuba ruwa, wanda shi ne yake motsa maniyyin, kuma cikin ɗan ƙanƙanen lokaci aikin ya gama. Mace ɗaya ta cinuk tana ɗauke da ƙwai dubbai. Bayan haka akan jiƙa ƙwan cikin ruwan aidin domin a kashe cutar da ke bayansa, a zuba shi cikin tire-tire da aka jera bisa juna, ruwa mai sanyi yana ratsa su dare da rana. A maƙyanƙyasar salmon na Fasifik akan kashe iyayen kafin a ɗebi ƙwan, tunda ko an bar su kwanakinsu sun ƙare. A ta tarwaɗa kuwa akan yi wa mace allurar da za ta sa ƙwan ya nuna, a matse shi ta rayu, namiji ne galibi ake yankawa domin a ciro maniyyinsa. Karfasa ta bambanta da su duka, domin uwar ce take ɗauke ƙwan a bakinta har ya fashe, don haka ma'aikaci yakan buɗe bakin ya zazzage ƙwan cikin kwalba mai juya ruwa. Wanda ya zo da ƙananan yara ya tambaya tun da fari ko za a yanka kifi a gabansu.

Ɗakin yakan kasance da duhu-duhu, kuma da gangan ne, domin haske mai ƙarfi yana lalata ƙwan salmon, wanda a kogi yake binne cikin tsakuwa. A nemi allo ko takardar da ke manne a jikin kowane jeri, za a ga ranar da aka haɗa ƙwan da wani adadi da yake ƙaruwa kullum. Wannan adadi jimlar zafin ruwa ne na kowace rana, kuma da shi ake sanin ranar ƙyanƙyasa. Ƙwan cinuk yana bukatar jimlar da ta kai kimanin 500 a ma'aunin Selshiyas. Idan ruwa yana kan digiri 10, zai fashe cikin kwana 50 ke nan, idan kuma yana kan digiri 5, sai ya kai wajen kwana 100. Wannan lissafi ne da ɗan firamare zai iya yi a tsaye, kuma yana nuna wa mai ziyara dalilin da ya sa ɗumamar ruwan kogi da digiri biyu ko uku ba ƙaramin abu ba ne: jarirai za su fito da wuri, wataƙila kafin abincinsu ya samu.

A roƙi ɗan rakiya ya nuna matakan girma ɗaya bayan ɗaya. Da farko ƙwai ne ja-ja mai ɗan haske, girmansa kamar ƙwayar wake. Idan ya kai kusan rabin lokacinsa sai ɗigo biyu baƙaƙe su bayyana a ciki, idanun kifin ke nan, kuma daga wannan lokaci ƙwan yana jure a taɓa shi ko a ɗauke shi zuwa wani wuri. Ƙwan da ya koma fari fat ya mutu, dole a tsince shi, domin gansakuka tana kama shi ta bazu zuwa masu rai da ke kusa. Bayan fashewa jaririn yakan fito da jakar gwaiduwa rataye a cikinsa, ya kwanta a ƙasan tire ba ya cin komai har makonni, sai jakar ta ƙare sannan ya taso sama, ya haɗiyi iska domin ya cika jakar da take daidaita shi a ruwa, ya fara neman abinci. Wannan ɗan lokaci na fara ci yana cikin mafi hatsari a rayuwar kifin, kuma ma'aikata sukan ciyar sau da yawa a yini da abinci mai laushi kamar gari.

Mataki na biyar: tankunan reno da tafiyar ruwa

A waje za a tarar da dogayen tankuna na kankare waɗanda ruwa yake shiga ta wannan kai ya fita ta wancan, ko kuma zagayayyun tankuna masu magudana a tsakiya. A tsaya a gefe ba tare da inuwar mutum ta faɗa kan ruwan ba, a lura da yadda kifayen suke. Masu lafiya sukan fuskanci inda ruwa yake fitowa, su bazu daidai, su watse idan an motsa. Idan aka ga sun taru a bakin bututu suna haƙi a saman ruwa, iska ce ta yi ƙaranci. Ragar da aka shimfiɗa a sama ta kare su ce daga zalɓe da sauran tsuntsaye masu cin kifi, a wasu wuraren kuma har da shinge saboda karen ruwa.

Maimakon a tsaya kallon kifi kawai, a bi ruwan da ido, a tambayi inda ya fito. Wasu cibiyoyi daga kogin suke ɗiba, wasu daga rijiyar burtsatse ko marmaro, wasu kuma suna haɗawa domin su daidaita zafi. Ruwa mai sanyi ya fi riƙe iskar oksijin: lita ɗaya a digiri 10 tana iya riƙe kimanin miligiram 11, a digiri 20 kimanin 9, a digiri 30 kuma wajen 7 da rabi. Salmon yana son ruwan da bai gaza miligiram 7 ba, tarwaɗa kuwa tana da wata gaɓa a kanta da take shaƙar iska kai tsaye daga sama, shi ya sa take rayuwa a ruwan da zai kashe wasu kifaye. Inda ake juya ruwa ɗaya ana sake amfani da shi, za a ga manyan randuna cike da ƙananan robobi suna juyawa. Ƙwayoyin bakteriya masu amfani ne suke zaune a jikin robobin, suna mayar da sinadarin amoniya da kifi yake fitarwa zuwa naitirait, sannan zuwa naitiret wanda gubarsa ba ta kai ta farkon ba. A tambayi kuma abin da yake faruwa idan wuta ta ɗauke. Amsar za ta kai mutum ga janareta da ƙararrawa da ma'aikacin da yake kwana kusa, domin tankin da ya cika da kifi ba ya jure tsayawar famfo na dogon lokaci.

Idan cibiyar ta yarda baƙi su ciyar, a yi amfani da abincin da ta bayar kawai, a watsa kaɗan-kaɗan. Abincin da ya nutse ba a ci ba ruɓewa yake yi, ya cinye iskar ruwan.

Mataki na shida: alama da saki

Kafin a saki ƙananan salmon, a wurare da yawa akan yanke wani ɗan ƙaramin fiffike mai tsoka da ke bayansu kusa da wutsiya, wanda ba ya sake tsirowa. Da wannan ake bambance kifin maƙyanƙyasa da wanda aka haifa a kogi, kuma a wasu yankuna doka ta ba masunci damar riƙe mai yankakken fiffike, ta wajabta masa sakin mai cikakke. Wasu kuma akan cusa musu ɗan guntun waya mai lamba a hanci, tsawonsa bai fi milimita ɗaya da ɗan kai ba, wanda idan an kama kifin bayan shekaru zai nuna inda aka rene shi da shekarar da aka sake shi. Wanda ya san wannan zai iya komawa tagar matakala ya ƙirga da kansa, cikin kifaye ashirin nawa ne masu fiffike, nawa ne marasa shi.

Galibi ba a sakin salmon sai jikinsa ya shirya wa ruwan gishiri, lokacin da zanen gefensa yake gushewa ya koma launin azurfa. Wasu nau'o'in watanni kaɗan suke yi a tanki, koho kuwa yakan wuce shekara. A daidai wannan lokaci ne kifin yake haddace ƙamshin ruwan da ya tashi a ciki, abin da masanin Amurka Arthur Hasler ya fara nunawa da gwaji a shekarun 1950, kuma da wannan ƙamshi yake gane hanyar gida. Shi ya sa manyan suke dawowa har bakin bututun maƙyanƙyasar. Waɗanda suke dawowa kuwa kaɗan ne, a wurare da yawa ba sa wuce ɗaya ko biyu cikin ɗari.

Mataki na bakwai: a koma bakin kogi a duba lafiyarsa

Wasu cibiyoyi suna da wani sashe inda ake ba baƙi ƙaramar raga da farin tire da madubin ƙara girma. Mutum ɗaya yakan riƙe ragar a ƙasan ruwa ta fuskanci inda ruwan yake fitowa, wani ya motsa duwatsun da ke gabanta, abin da ya taso ya faɗa ciki, a juye a tiren da aka ɗan zuba wa ruwan kogin. A jira ruwan ya kwanta, sai a ga abubuwa sun fara motsi. 'Ya'yan ƙwari masu wutsiya biyu ko uku da suke manne a ƙarƙashin dutse, da waɗanda suke gina wa kansu ɗan kube da yashi ko tsinke, ba sa jure ƙazanta, don haka samunsu da yawa alama ce ta ruwa mai kyau. Idan ba a samu komai ba sai matsattsaku da jajayen tsutsotsi, ruwan yana fama da ƙarancin iska. Wannan gwaji ya fi kwalbar awo faɗin gaskiya ta wata fuska, domin kwalba halin ruwan na wannan sa'a take nunawa, ƙwarin kuwa sun yi watanni a wurin. Idan an gama a mayar da su inda aka ɗebo su, a mayar da duwatsun yadda suke.

Daga nan a bi gaɓa a nemi bakunan bututu da kwalbatoci masu zubowa cikin kogin. A nan ne bambancin kogin birni da na daji yake. Kwalta da rufin gidaje ba sa shan ruwa, don haka ruwan sama yana taruwa ya auka wa kogin gaba ɗaya, da ɗumin titi, da mai, da ƙurar taya. A tsofaffin birane kamar Landan, inda ruwan sama da na bayan gida suke bin magudana ɗaya, ruwa mai yawa yakan sa ta cika ta amayar cikin kogi. A 2020 masu bincike a jihar Washinton suka gano cewa wani sinadari da ake sa wa taya domin kada ta tsattsage yana rikiɗa ya zama guba, kuma shi ne yake kashe koho a rafukan birni bayan ruwan sama, tun kafin su yi ƙwai. Babu maƙyanƙyasar da za ta magance wannan, komai yawan kifin da ta saka.

Kada a shiga ruwa sai inda aka ba da izini, kada a shiga bayan ruwan sama mai ƙarfi, kuma a ƙasan madatsa a kula da ƙararrawar gargaɗi, domin ruwa yana iya tasowa cikin 'yan mintuna idan an buɗe ƙofa. A lokacin yin ƙwai, duk inda aka ga tsakuwa ta yi haske fiye da na kewaye, gurbin ƙwai ne, kada a taka. Yaro kuma kada ya yi nisa da hannun babba.

Mataki na takwas: a yi wa ma'aikata tambayoyin da suka dace

Ma'aikata da masu aikin sa kai sun saba da tambayar wane kifi ne ya fi girma. Tambayoyin da suke buɗe baki su ne irin waɗannan: cikin kifayen da suka dawo bana, kashi nawa ne haifaffun kogi? Daga ina ake samo iyaye, kuma yaya ake kauce wa haɗa dangi na kusa? Ina ruwan tankuna yake zuwa bayan ya fita, ana tace shi kafin ya koma kogi? Wane aiki ake yi a kan kogin kansa, kamar zuba tsakuwa, ko dasa itatuwa a gaɓa domin inuwa, ko gyara kwalbatin da ya hana kifi wucewa?

Akwai dalilin yin waɗannan tambayoyi. Masana sun daɗe suna nuna cewa kifin da ya tashi a tanki, yana samun abinci daga sama ba tare da ya san maƙiyi ba, bai kai haifaffen kogi iya rayuwa da haihuwa a daji ba, kuma idan ya yi yawa yana iya gasa da na dajin ko ya gauraya da shi ya raunana zuriyarsa. Ba laifi ba ne a ta da wannan magana cikin ladabi, kuma cibiyar kirki ba ta ɓoye ta. Ni na fi amincewa da wurin da ma'aikacinsa zai faɗi iyakar abin da maƙyanƙyasa take iyawa a kan wanda ba shi da abin nunawa sai adadin miliyoyin da aka saka.

Mataki na tara: fita

A sake taka maganin ƙofa, a wanke hannu da sabulu kafin a ci wani abu, musamman idan an taɓa ruwan kogi, domin ruwan birni yana iya ɗauke da cutar da take fitowa daga fitsarin ɓera, wadda take shiga ta rauni ko ido ko baki. Wanda ya ji zazzaɓi cikin makonni biyu zuwa uku bayan haka ya gaya wa likita cewa ya taɓa ruwan kogi. Kada a fita da kifi ko ƙwai ko tsiro ko dodon koɗi, kuma kada a taɓa kawo kifin ado na gida a sake shi a nan. A gida a goge laka daga takalmi, a wanke, a shanya ya bushe ƙarau kafin a shiga wani ruwan da shi.

Kafin a bar wurin, a tambayi ranar da za a yi aiki na gaba, a rubuta a littafin. Wanda ya ga manyan kifaye suna hawa a Oktoba zai samu ƙwai masu ido a Disamba, ya kuma samu ranar saki bayan sanyi ya wuce, kuma cibiyoyi da dama suna karɓar sunayen masu son taimakawa wajen tsince matattun ƙwai, ko yanke fiffike, ko ƙirgar kifi a matakala.